Safarjal da aka kawo mana tsaraba: yaya ake dafa shi, kuma da gaske magani ne?

Amaryar Zariya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na gurup, barkanmu da kaka. Don Allah taimako nake nema. Ƙanen maigidana direba ne, hanyar Agadas yake bi, ya dawo jiya ya kawo mana wani ɗan itace a kwali wai safarjal, ya ce daga Aljeriya ake shigo da shi, masu butik na ce mishi coing. Ruwan ɗorawa ne shar, ya fi tuffa girma, jikin da ɗan gashi-gashi, ƙamshi kuwa duk ɗaki ya ɗauka tun dare. To amma na yanka ɗaya na sa baki, wallahi ɓauri kamar ya ɗaure min harshe, ga tauri wuƙa da ƙyar take shiga. Ɗanye ne ko haka yake? Kada ya lalace a hannuna.

Maman Ƴan Biyu: Wa alaikumus salam amarya. Turo hoto mu gani

Amaryar Zariya: Na turo Anti

Ƴar Tibiri: Ikon Allah, mi ne ne wanga kuma? Ni na ɗauka lemun taɓa ka lashe ne ya yi ƙato haka

Ɗalibar Turkiyya: Wayyo Allah amarya kin samu abu! Ba ɗanye ba ne, haka Allah ya yi shi, ko ya nuna sarai mafi yawan irinsa ba ya ciyuwa sai an dafa. A nan inda nake karatu yanzu ne lokacinsa daidai, daga Oktoba zuwa Disamba ko ina ka juya a kasuwa shi ne, su suna ce masa ayva. Turkiyya ce ma ta fi kowace ƙasa nomansa a duniya, akwai wani gari Geyve a yankin Sakarya da ya yi suna da shi. Sin da Uzbekistan da Iran da Maroko su ma suna noma shi sosai. Dangin tuffa ne, in kin raba shi biyu za ki ga cikin iri ɗaya da na tuffa, ƴaƴa baƙi-baƙi a ɗakunansu. Tsofaffinsu har cewa suke in safarjal ya yi yawa a shekara to sanyin bana zai yi tsanani.

Hajiya Babba: To ɗiyata tunda ke kike a gidansa sai ki koya mana. Ni a Makka na fara ganinsa amma ban taɓa sa shi a tukunya ba.

Ɗalibar Turkiyya: To Hajiya, ga yadda matar da nake haya a gidanta take yi, a gabana take yi kullum sanyi ya shigo. Amarya ki ɗauki guda 3 manya. Ki fara goge gashin nan da tsumma busasshe, yana fita da sauƙi, sannan ki wanke. Ki fere, amma kada ki zubar da ɓawon, kuma ki raba kowane biyu ki ƙwaƙule tsakiya da ƙaramin cokali ko bakin wuƙa, a hankali don wurin nan ya fi ko ina tauri, nan mutane ke yanke hannu. Ƴaƴan ki tsince su ki ajiye gefe. Ki tanadi ruwa a roba da kika matse lemun tsami a ciki, duk wanda kika fere ki jefa nan take, in kin bar shi a iska minti kaɗan zai yi duhu.

Sai ki shimfiɗa ɓawon a gindin tukunya mai faɗi, ki jera rabin-rabin a kai ramin na kallon sama, ki watsa ƴaƴan a tsakaninsu, kanumfari kamar 5 ko 6, sandar kirfa ɗaya. Sukari ita tana sa wajen giram 300 ga guda ukun nan, tana cika ramin kowane da shi. Ruwa kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi kawai, ta gefen tukunya za ki zuba ba a kan sukarin ba. Ki rufe, in ya tafasa ki rage wuta can ƙasa ki ƙyale shi awa 1 da rabi zuwa 2, ba a juyawa ba a motsawa, sai dai can-can ki ɗebi ruwan da cokali ki zuba a kansa. Da kansa zai tashi daga fari ya koma ruwan hoda, daga nan ya yi ja kamar an sa kala. In ya huce ruwan zai kama ya yi dalala-dalala, sai a ɗora masa kirim mai kauri da suke kira kaymak a rami, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗarsu.

Maman Ƴan Biyu: Awa biyu?? Ƙanwata kin san nawa ake cika butelin gaz yanzu kuwa

Ƴar Tibiri: Gaz ɗin mi, ki hura gawayi ki bari shi ci shi yi toka a sama sannan ki aza, ai wutar da ta hi dacewa da irin wanga dahuwa ke nan. Haka muke dahwa wake da dare, da sahe ka iske shi lugub

Mai Gato Ali Ɗan Sofo (sunan unguwarta ne): Gaskiyar Ƴar Tibiri, garwashi mai toka ya fi gaz a nan, gaz ɗinmu ko ka rage shi yana ƙona gindi. Ni na yi shi a Yamai lokacin da nake koyon aikin gato wajen wata balarabiyar Maroko, kuma abin da zan ƙara shi ne kada ki yarda ki cika ruwa. Kuskuren da kowa ke yi ke nan, sai a ga ruwa ya yi kaɗan a tsorata a ƙara, ƙarshe a samu dafaffen abu fari fat yana iyo a ruwan sukari. Shi kansa yana fitar da ruwa. Kuma murfi ya zauna sosai, in tukunyarki murfinta na da gibi ki naɗe bakin da tsumma mai tsabta. Su mutanen Maroko ma ba a kayan zaƙi kaɗai suke sa shi ba, da naman rago suke dafa shi a tajin, tukunyarsu ta ƙasa, da kirfa da ɗan zuma, tsaminsa na yanke maiƙon naman, ranar da na fara ci sai da na ƙara.

Amaryar Zariya: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Amma jan nan daga ina yake zuwa tunda cikinsa fari ne? Ko ƴaƴan ne ke rina shi

Ɗalibar Turkiyya: Mutanen nan haka suke cewa, wai ƴaƴan ne. Amma abin da aka sani shi ne sinadarin nan da ya ɗaure miki harshe, tanin, shi ne in ya daɗe a wuta tare da tsami yake narkewa ya rikiɗe ya zama ja, shi ya sa ɓaurin ke tafiya daidai lokacin da jan ke zuwa. Ƴaƴan da ɓawon aikinsu kauri, suna da pektin da yawa, abin da ke sa konfitir ya kama.

Mai Gato Ali Ɗan Sofo: In kina sauri ki jefa zoɓo busasshe kamar 4 ko 5 a ruwan, zai ba ki ja mai kyau da ɗan tsami, ya fi kalar kanti nesa ba kusa ba. Ga sabon zoɓo na shigowa kasuwa yanzu.

Uwargidan Sabon Gari: Ku tsaya ku tsaya, safarjal kuka ce? Amarya kada ki ɓata shi da sukari don Allah. Akwai odiyo da ke yawo a gurup ɗin unguwarmu, mai maganar ya ce yana wanke zuciya, yana maganin tansiyo da ciwon sukari da olsa, mai ciki in ta ci za ta haifi kyakkyawan yaro, har ya ce hadisi ne. Ni mamana na da diyabet shekara da shekaru, in za ki sayar min da biyu ina so.

Malama ta Limanci: Uwargida bari in sa baki a wajen hadisin tunda amana ce. E akwai ruwaya a Ibn Majah daga Ɗalha ɗan Ubaidullahi, Allah ya yarda da shi, cewa ya shiga wajen Annabi (SAW) ya iske shi da safarjal a hannu, Annabi ya miƙa masa ya ce yana sanyaya zuciya. Ibnul Ƙayyim ma ya kawo safarjal cikin abin da ya rubuta kan magungunan Annabi. Amma malaman hadisi sun raunana isnadin wannan ruwaya, na haihuwar kyakkyawan yaro kuwa ya fi ta rauni, bai inganta ba. Don haka a ci a matsayin ni'imar Allah, amma kada a jingina wa Manzon Allah abin da bai tabbata ba don a sayar da kaya. Abin nan yana min ciwo, duk ɗan itacen da ya shigo gari sai an ɗaura masa hadisi.

Uwargidan Sabon Gari: To Malama na ji ta hadisi, amma ai likitocin da can su Ibn Sina sun yi magani da shi, ba za a ce duk ƙarya ba ne

Sajfam: Sannunku, yanzu na sauko daga gardi na iske saƙo ya taru. Uwargida ba ƙarya ba ne duka, kuma ba wanda ya ce ba shi da amfani, amma a ba kowane abu matsayinsa. A giram 100 na ɗanyen safarjal akwai kalori wajen 57, bitamin C wajen miligiram 15, potasiyom kusan miligiram 200, da harza wajen giram 2, wato abin nan da ke taimakon hanji. Abinci ne mai kyau marar maiƙo. Tanin da pektin ɗinsa suna ɗaure ciki, shi ya sa tun zamanin da ake ba mai zawo. A Iran an yi ƴan ƙananan gwaje-gwaje da ruwansa a kan tashin zuciyar masu laulayi da ƙwannafi, an ga alamar sauƙi, amma mutanen da aka gwada ba su da yawa, bai kai a ce a ajiye magani ba. Tansiyo da diyabet kuwa babu wata hujja cewa yana warkar da su.

Yanzu ku duba lissafin da ƙanwarmu ta bayar. Sukari giram 300 a raba wa rabi 6, kowane rabi da ruwansa ya tashi da giram 50. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce babban mutum kada sukarin da yake ƙarawa a abinci ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da jikinsa ke buƙata a yini, wato wajen giram 50 ɗin nan, in ma da hali a tsaya a 25. Kin ga faranti ɗaya ya cinye rabon yini gaba ɗaya, ba a sa shayin safe da furar rana da aka zuba wa sukari da bisap ɗin yamma ba. Kuma bitamin C ba ya jure wuta, bayan awa 2 a tukunya kaɗan ne zai rage. Don Allah Uwargida kada ki kai wa Mama wannan da sunan magani, kuma kada ta bar ƙwayoyinta. Ina ganin abin da ke biyo baya da idona, tsohuwa ta bar magani wata biyu saboda odiyo a kawo ta ƙafa ta ruɓe.

Uwargidan Sabon Gari: Subhanallahi. To in an sa zuma ko mazarƙwaila maimakon farin sukari fa?

Sajfam: Duk sukari ne yayata, jini bai bambanta su ba sai kaɗan. In Mama na marmari ki dafa mata shi da ruwa da kirfa da kanumfari kawai ba zaƙi, ta ci ƴan yanka biyu bayan abinci, ko a sa mata a miyar nama irin yadda Mai Gato ta faɗa amma ban da zumar. Zuma kuma tunda an ambace ta, ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba ko ɗigo. Sannan yaro mai zawo abin da yake buƙata SRO ne, wato ruwan gishiri da sukari na likita, da zinc da ci gaba da nono, a kai shi likita, kada a zauna jiran ɗan itace.

Hajiya Babba: Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Wanda ya turo odiyon nan cikin gurup ɗin nan zan goge, na faɗa tun yanzu.

Ƴar Tibiri: Ni hwa tambayata ɗaya, ɗiyan nan da anka ce a zuba, in yaro ya tauna babu komi?

Sajfam: Yawwa na so in faɗa. Ƴaƴansa kamar na tuffa suna da wani sinadari amigdalin, in an tauna ko an daka da yawa yana sakin guba a ciki. A dafa su ɗungurungum ba matsala, amma a tsame a zubar kafin a ba yara, kuma kada wadda ta sa su a turmi ko blanda.

Ɗalibar Turkiyya: Haka ne Anti. Ƙawata ƴar Iran tana jiƙa su ɗungurungum a ruwan ɗumi, sai ruwan ya yi yauƙi ta tace ta sha in maƙogwaro na mata kaikayi, ba ta taɓa fasa su.

Inna ta Jiratawa: Ni duk na karanta abin da kunka rubuta, jikata ke karanta min. Tambaya nike, in an ba ni ɗiyan in shuka a garka zai yi? Muna da ruwa rani da damina, zogale da ayaba da lemu duk suna yi

Ɗalibar Turkiyya: Inna ina wuni. Zai iya tsirowa amma haihuwa da wuya, don itacen yana son sanyi na gaske, sai ya zubar da ganye ya kwana cikin sanyi mai tsanani makonni da yawa kafin ya yi fure. Asalinsa daga wajen duwatsun Kaukasus da arewacin Iran ne. Ɗarinmu na Disamba da Janairu da dare ne kawai, rana na fitowa an koma zafi.

Inna ta Jiratawa: To shi ke nan a bar musu abinsu. Mu ma ai Allah bai hana mu ba. Ku yaran yanzu kun san maɗi kuwa? Ɗinya muke jiƙawa mu tace mu aza a wuta tun hantsi har la'asar, tana dahuwa tana baƙi tana kauri, ko ƙwayar sukari ba mu sawa, wanda anka ƙara dahwawa shi zama alewa. Dahuwar da kuke ta yabo ta Turkiyya ita ce dai wagga, wuta kaɗan da haƙuri. Yanzu ga kabewa ta nuna a gonaki, ga dankali, ga gwaba ana zubarwa a bakin gulbi don ba mai saye.

Mai Gato Ali Ɗan Sofo: Inna kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi wallahi. Abin da nake ta faɗa wa masu odar gato ke nan, kowa so yake a sa masa abin da ya zo cikin kwali daga waje ko da ya kwana arba'in a mota. Gwaba in ba ta nuna lugub ba tana da pektin ita ma, na sha yi: a fere, a raba biyu, a ƙwaƙule ƴaƴan a tafasa su daban a tace ruwan a mayar kan gwabar, kanumfari, lemun tsami, sukari rabin na safarjal ya isa don ita da zaƙinta, minti 30 zuwa 40 ta yi. Mai jan ciki ta fi kyau a faranti. Kuma ba mu muka fara wannan dabarar ba, mutanen Fotugal da safarjal suke yin wata alewa mai kauri da ake yankawa da wuƙa, da suka je Burazil sai suka mayar da gwaba madadinsa, har yau alewar gwaba ce abin alfaharin ƴan Burazil, da cuku suke ci. Mu da muke da cukun Abzin da Tawa me ya hana mu?

Sajfam: In ma bitamin C ake nema gwaba ta ninka safarjal fiye da sau 10, tana wuce miligiram 200 a giram 100, kuma ita ana cinta ɗanya ba abin da wuta ta kashe. Garin kuka na ƙwame ma haka. Masu zuwa awo ni gwaba nake ce musu su saya.

Ɗalibar Turkiyya: Kabewar da Inna ta faɗa ma suna yi a nan, sak irin wannan dahuwar. A yanka manya-manya a zuba sukari a bar ta ta kwana, da safe za ki iske ta fitar da ruwa da kanta, a wannan ruwan ake dafa ta ba a ƙara ko ɗigo, sai a zuba mata niƙaƙƙen riɗi a kai. Amma gaskiya Anti Mai Gato zan ɗan saɓa miki, ƙamshin safarjal daban ne, gwaba ba ta maye shi. Wanda ya samu ya ɗanɗana ko sau ɗaya ne.

Mai Gato Ali Ɗan Sofo: Ban musa ba ƙanwata, ƙamshi kam ya fi. Na ce dai kada a je a ci bashi a saye shi

Maman Ƴan Biyu: To shi kaymak ɗin a ina za mu samo a Maradi 😅

Ƴar Tibiri: Kindirmo mana! Ki samu na Hillani mai kyau ki zuba a ƙyalle mai tsabta ki rataye shi tsiyaye, in ya yi kauri ki ɗora. Gyaɗa kuma ga sabuwa ta bana, a soya a murje a daka sama-sama. Ko aya soyayya

Amaryar Zariya: Na dawo iyayena. Tun bayan azahar na aza a gawayi kamar yadda Yaya ta Tibiri ta ce, guda 3, sukari na rage na sa kamar giram 200 saboda maganar Anti Sajfam, ban sa zoɓo ba don ina son in ga ko zai yi jan da kansa. Awa ɗaya ta wuce yana nan fari-fari har na fara shakka, can sai gefen ya fara ruwan hoda. Yanzu ga shi na turo hoto. Ya yi laushi cokali na shiga amma bai farfashe ba, ɓaurin nan babu shi ko kaɗan, uwar mijina tana ɗakinta ta aiko a tambaya turaren me nake yi. Sai dai jan bai kai na hoton da ƙanwarmu ta turo ba, kuma ruwan bai kama ba.

Ɗalibar Turkiyya: Ma sha Allah ya yi kyau! Rage sukari na rage duhun kalar da sheƙin, ba laifi ba ne. Ruwan kuma sai ya huce sarai yake kamawa. In har ya huce bai kama ba ki tsame safarjal ɗin, ki tace ɓawo da ƴaƴa, ki mayar da ruwan kaɗai a wuta ba murfi minti 10 ki zuba a kai.

Amaryar Zariya: To sauran na kwalin fa, akwai kamar 8, ga wutarmu ba ta zama balle in dogara da firigo

Mai Gato Ali Ɗan Sofo: Ɗanyen yana jimiri, ki fitar da su daga leda ki jera a wuri mai inuwa da iska kada su taɓa juna, kuma nesa da sauran kayan marmari don ƙamshinsa na kama su. Duk wanda ya bugu ya yi tabo ki fara da shi, da zafin nan namu kada ki wuce sati biyu. Dafaffen mai ƙarancin sukari kuwa in ba sanyi ku cinye yau da gobe. In kina son ya kai ki har azumi sai konfitir, ki goga shi a magogi, kilo ɗaya sukari giram 700 zuwa 800 da ruwan lemun tsami ɗaya, ki dafa har in kin ɗiga a faranti mai sanyi ya tsaya bai gudu ba, ki zuba da zafinsa a bokal ɗin da kika tafasa da murfinsa ki rufe gam.

Uwargidan Sabon Gari: Amarya har yanzu ina son guda ɗaya, na miyar nama zan yi wa Mama ba sukari

Amaryar Zariya: Ba sayarwa Anti, ki turo yaro bayan magariba ya karɓa, zan sa biyu. Inna ke ma in mai zuwa Jiratawa ya samu zan aiko miki da dafaffen ki ɗanɗana.

Inna ta Jiratawa: Allah shi yi albarka ɗiyata. Ki ba mai kawo zogale kasuwa da sahe, in ya juyo zan ɗoro mishi gwaba mai jan ciki ya kai wa Mai Gato ta gwada muna alewar Burazil ɗin.

Mai Gato Ali Ɗan Sofo: A zaɓo wadda ba ta nuna sosai ba Inna, mai ɗan tauri, lugub ɗin ba ta kamawa.